Man da Na Shafa wa Wuƙaƙenka

Zuwa ga mahaifina, Malam Inuwa Mai Wuƙa,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya sa kabarinka ya yi maka faɗi da sanyi. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana da rai ma ba ka karatun boko, sai dai in durƙusa a gabanka in karanta maka, kuma wallahi da bakina bai iya ba. Saboda na san ba za ka ji ba ne na samu ƙarfin halin ɗaukar biro. Ka ga irin jarumtar ɗanka ke nan.

Bari in fara da labarin gida, kamar yadda kake so a fara. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ke taso mata in an yi sanyi. Har yau ta ƙi yarda a ɗauke buzunka daga zaure. 'Yarka Hajara da mijinta sun koma unguwar Cissin, gidan haya ne amma da famfo a tsakar gida, ta ce ta huta da layin ruwa. Darbejiyar ƙofar gida ta tsaga katanga, na sa an rage mata reshe biyu. Garejina yana nan a hanyar Pissy, moto, wato babur, ba ta ƙarewa a garin nan, don haka aiki bai yanke ba. Babban labari kuwa, matata Rakiya ta sauka lafiya, namiji. Shekaranjiya aka yi suna, sunanka ya ci. Inna ba ta iya kiran sunan, sai ta ce Mai Gida.

To amma ba don wannan na zauna rubutu ba. Akwai abin da na yi bayan tafiyarka, na riƙe shi a ciki wata goma yana ci na. A kan wuƙaƙenka ne, da kuma amininka Baba Tanko.

Ka tuna rigimarmu a kan mai? Ni dai ban manta ba. Tun ina ƙarami nake ganinka kowace Alhamis da hantsi ka shimfiɗa buzu a zaure, ka kwance jakar fatar nan da ka ɗinka da hannunka, ka jera wuƙaƙe biyar. Doguwar ta yanka, biyu na fiɗa, siririyar ta tsire, da mai nauyin nan ta sara ƙashi. Ka wanke, ka goge, ka shanya su a rana har ƙarfen ya yi ɗumi, don ka ce ko ɗigon ruwa ɗaya ya maƙale a gindin ƙota, tsatsa ta sami gida. Sai ka wasa. Daga nan ka buɗe ɗan gwangwanin tumatir ɗin nan, ka lakato man kaɗanya da yatsa, ka shafa siriri har ba a ganinsa, ƙarfe da ƙota duka.

Kuma ba kowane man kaɗanya ba. Sayen mai a wurinka tafiya ce guda. Ka ratsa kasuwa ka wuce masu tebur, ka je wurin matan ƙauye da ke kawo shi a ƙwarya, ka yi ta ciniki da su cikin yarensu, da Mosancinka mai karkata, suna yi maka dariya. Ka lakata ka sansana, ka sa a harshe, ka lumshe ido kamar mai ɗanɗanar zuma. In ka ji ɗaci ko gishiri, ka wuce. In ka kawo gida kuma sai ka narkar da shi a wuta kaɗan kaɗan har ya daina tsartuwa, ka ce ruwan cikinsa ne ke fita, ka tace da tsumma mai tsabta. Man gyaɗa ka ce yana yin danƙo ya soma wari. Manja yana rina ƙota. Kitsen rago da man shanu suna gayyato tururuwa da ɓera cikin jaka. Duk ka gwada su tun kafin a haife ni, ka tsaya a kan ɗaya.

Ni kuwa, Baba, na tsani wannan man. Yau zan faɗa maka gaskiya. A lekol, makarantar boko, 'yan ajinmu suna toshe hanci in na shigo, suna cewa ga ɗan mahauci mai warin kaɗanya. Na sha wanke hannu da sabulu a famfon makaranta har fatar ta yi fari. Ba ƙaunar moto kaɗai ta kai ni gareji ba, gudun jakarka ma yana ciki. Ka sani? Ina jin ka sani, don ranar da na ce maka ba zan gaji wuƙa ba, ka ci gaba da wasa wuƙarka, sai dai ka daɗe a kan guda ɗaya fiye da kullum.

Da na zama makaniki sai kaina ya kumbura. Na ga ai mai sana'ata ce, wa zai gaya mini mai? Na zo zaure wata Alhamis da galan ɗin man inji sabo fil, ina zuba maka Faransanci, ina cewa man kaɗanya na kaushin ƙafar mata ne da jikin jarirai, ƙarfe kuwa man ƙarfe yake so. Na ce injin da ke gudu daga nan har garin Bobo da wannan man yake rayuwa, balle 'yar wuƙa. Ka saurare ni har na gama. Sai ka aika a kawo cokali daga wurin Inna, ka miƙo mini, ka ce in zuba in lasa. Na yi dariya na ce ai ba a sha. Ka ce to duk man da ba zan iya sa wa a bakina ba kada ya kusanci wuƙarka, don abin da wuƙa ta sha shi nama ke sha, naman kuma cikin mutane za shi. Na ɗauki galan ɗina na fita ina cewa a raina tsoho ba ya son ci gaba.

Ka rasu da damina, wata biyu bayan Layya. Cikin kuka da karɓar gaisuwa ba wanda ya tuna da jaka. Tana rataye a ƙusa a ɗakinka, rufin yana yoyo ta wannan kusurwar, Alhamis ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Sai da ruwa ya ɗauke Inna ta sauko da ita ta ba ni, ta ce ni ne namiji, in kula da kayan ubana. Da na kwance na ga tsatsa ta yi ja a kan dukansu, hawaye suka zubo mini. Shekara arba'in da wani abu ba a taɓa ganin ɗigon tsatsa a wuƙarka ba, ni a wata uku na bari ta cinye su.

Na tafi da su gareji. Na goge tsatsar tas da takardar yashi, wannan kam na iya. Gwangwaninka yana cikin jakar, da sauran mai a ciki, har da shatin yatsanka. Na kalle shi, na ture shi gefe. Na ce a raina ai ga abin da man kaɗanya ya jawo, alhali na san ba laifin man ba ne, laifin wanda bai shafa ba ne. Na buɗe sabon man inji, mafi kyau da nake da shi, wanda nake ajiye wa manyan motoci. Wallahi, Baba, a lokacin gani nake karrama ka nake yi. Ban shafa siriri ba. Na tsoma su ciki har ƙota, na tsiyaya a cikin kowane kube, na naɗe jakar na sa a akwatin ƙarfe na kulle. Wata bakwai suna kwance suna sha.

Da Layya ta matso, mutanen layinmu suka zo wurin Inna. Ka san tun da aka kafa layin nan kai ke yanka ragunan gidaje bakwai, Baba Tanko yana fiɗa. Tare kuka taso, tare kuka yi kwata, kai da shi ba a jin kanku. Suka ce tunda babu kai, Baba Tanko ya haɗa yanka da fiɗa, amma don Allah a yi da wuƙaƙenka, a sami albarkar hannunka ko da na shekarar nan ne. Inna ta yi kuka ta ce to. Da safen Sallah na ɗauko su, na goge ƙarfen da tsumma har yana walƙiya, na mayar cikin kube. Ban ji warin komai ba. Ina zan ji? Mutumin da ya yi shekara ashirin cikin gareji, hancinsa ya mutu a kan mai.

Da aka sauko daga idi na miƙa wa Baba Tanko jakar a gaban jama'a. Ya karɓa da hannu biyu. Ya zare doguwar, ya riƙe ƙotar, sai na ga ya ɗan tsaya. Ya nemi toka da sabulu ya wanke su duka, mutane suna cewa kai, tsohon nan akwai tsabta. Ya yage gefen rawaninsa ya naɗe ƙotar. A nan na gane man ya shiga icen, Baba, amma na ɓoye. Rana ta yi zafi ranar, irin zafin da ke zuwa kafin ruwan farko. Icen ƙota ya yi ta fitar da abin da ya sha, yana ratsa tsumman, yana bin hannunsa. Duk sanda ya mayar da wuƙa kube ya sake zarowa, ta fito da sabon mai. Haka ya yi rago bakwai, hannunsa yana cikin kowane ciki.

Ka san al'ada, hanta ake fara gasawa. Maza suna zaune a gindin darbejiya aka kawo ta gidan Alhaji Sabo, Bakanon nan mai shaddodi. Ya jefa yanka ɗaya a baki, ya tauna sau biyu, ya tofar. Kafin a ce haka an fara leƙowa daga sauran gidaje, mata suna aiko da magana cewa nama yana wari. Aka taru ana sansanawa, wannan ya ce kalanzir, wancan ya ce maganin sauro. Sai wani ya ce a ba Habibu, ai shi ne ya san mai.

Aka miƙo mini hantar a faranti. Ban ma kai ta hanci sosai ba na gane. Hancin da ya mutu da safe, a kan nama mai zafi sai ya farka. Man inji ne, nawa, har irinsa na sani. Idanu sun fi ashirin a kaina. Me ya hana ni cewa ni ne? Kalma biyu ce fa. Amma sai na hango ana cewa ɗan Mai Wuƙa, makanikin da ke yi wa mutane lacca a kan mai, shi ya ɓata Layyar unguwa da wuƙar ubansa. Na buɗe baki na ce wannan warin esansi ne, wato fetur.

Baba, na san abin da nake yi. Kada in yi maka ƙarya in ce subutar baki ce. Kowa a layin ya san tun da ƙarfin Baba Tanko ya ragu, ranakun da ba yanka yakan zauna a teburin ɗansa a bakin titi, yana tsiyaya wa masu moto esansi daga kwalba. Ina faɗin kalmar, duk kawuna suka juya wajensa. Yana tsugune yana wanke hanji. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba harara, ba komai, irin kallon da kake yi mini in na dawo gida da dare ya yi ina yaro. Sai ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa, tsufa ne.

An yi ta wanke nama da lemun tsami, ana feffeɗe bayansa ana zubarwa. Hantar gida bakwai ba wanda ya ci. Kason da muke aika wa maƙwabtanmu Kirista kowace shekara, su da ke aiko mana da kaji ranar bikinsu, an aika don ba yadda za a yi, kwanukan suka dawo da godiya, wannan godiyar kuma ta fi zagi ciwo. Ni kuwa na tattara wuƙaƙen da sauri na ce zan wanke, na mayar da su akwatin gareji kafin wani ya sansana jakar.

Daga ranar aka daina kiran Baba Tanko. Ba wanda ya kore shi da baki, ka san halin unguwarmu Zongo, sai dai a yi suna ya ji ƙarar guɗa daga gida. Aka koma ɗauko wani mahauci daga unguwar Paspanga a kan moto. An yi suna ya fi goma a unguwa, an yi aure, an yi sadakar arba'in, mutumin da ya yi shekara hamsin yana fiɗa yana zaune bakin titi da mazurari a hannu. Har laƙabi aka sa masa, wai Tanko Esansi. Na ji da kunnena a majalisa, aka yi dariya, ni ma na yi murmushi don kada a gane. Tir da ni. Inna ma, da ba ta taɓa yin tuwon Juma'a ba ta aika gidansa ba, ta daina. Ta ce ya wulaƙanta wuƙar mijinta a shekarar farko.

Hanyata ta gareji ta gaban teburinsa take bi. Na canza hanya, ina zagayawa ta bayan makaranta, ƙarin tafiya mai yawa, ga ramuka. Ranar da na manta na bi ta gabansa, shi ya fara ɗaga mini hannu, ya tambayi Inna, ya tambayi cikin Rakiya, ya sa mini albarka. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Sau nawa na yi niyyar zuwa gidansa? Sau nawa na tsaya a bakin lungunsu na juya? Ko a sallah in na ɗaga kai daga sujada ƙeyarsa nake gani a sahun gaba, ta ƙara ramewa.

Haihuwar nan ce ta kama ni. Kwana biyu da saukar Rakiya, Inna ta ce ragon sunan mai sunanka da wuƙarka za a yanka, in ɗauko jaka, in kuma kira na Paspanga. Na je gareji na buɗe akwatin. Warin ya buge ni tun kafin in taɓa. Fatar jakar ta yi baƙi ta yi laushi kamar tsumman goge inji. A ƙasan akwatin ga gwangwaninka. Na buɗe, shatin yatsanka yana nan a cikin man. Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai da kayan aikina na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Da wane ido zan raɗa wa yaro sunanka, in ciyar da mutane naman sunansa da wannan wuƙa, mutumin da ya ɗauki laifina kuma yana bakin titi?

Daga nan gidan Baba Tanko na wuce da jakar. Na same shi yana alwalar azahar. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya bari na gama, ya ce ai tun da ya kama ƙotar ya sani. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, da ya ajiye su ya ɗauko nasa, amma ya ga in ya ajiye sai an tambayi dalili, dalilin kuma ni ne, shi ya sa ya yi ta fama da toka da tsumma yana fatan za su isa. Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba da na ce esansi. Ya ce shi ya gama cin sunansa, ni kuwa yanzu na fara, kuma ba zai iya tsayawa a gaban jama'a ya kunyata ɗan Inuwa da wuƙar Inuwa a hannunsa ba. Ya ce abu ɗaya ne ya yi masa ciwo, tuwon Inna da ya daina zuwa, don matarsa ta yi ta tambaya.

Ya so a bar maganar a nan, ya ce ya yafe, a rufe. Na ce a'a. A gaban mutane na ɓata shi, ba zan wanke shi a bayan ɗaki ba. Na fara da Inna. Baba, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta yi faɗa ba, ta ce in tashi daga gabanta, ta ɗaura zane ta hura wuta, alhali ranar Talata ce. Da gwiwar nan tata ta ɗauki kwanon tuwo da kanta ta kai har gidansa. Ni kuma da aka sallame la'asar a masallacin layi na miƙe kafin a watse. Na nemi jama'a su dakata. Na ce ba esansi ba ne, man inji ne, ni na zuba, kuma na sani sarai lokacin da aka tambaye ni. Alhaji Sabo ya ce kuskuren mai kowa na iya yi, amma ƙaryar fa? Har yau akwai waɗanda ke amsa gaisuwata a taƙaice, wasu sun ɗauke motocinsu daga garejina. Ban ga laifinsu ba.

Saura wuƙaƙen. Baba Tanko ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya ce ƙarfe yana wankuwa, amma ice da fata in sun sha sun sha ke nan. Na ce a dafa ƙotocin, a binne su cikin toka, a yi wani abu. Mun gwada, kwana biyu, da an sa a rana sai su sake yin gumi. Dole muka kai wa maƙeri ya fasa su ya sa sababbi. Ina tsaye ya ɗora doguwar a kan maƙera. Ka san wannan ɗan kwarmin da babban yatsanka ya ci a jikin ƙotarta, wurin da ya yi santsi ya yi baƙi saboda shekaru? Bugu biyu ya yi ya tsage. Na tsince guntayen na sa a aljihu, ban san me zan yi da su ba, suna nan suna warin gareji. Jakar da kuben kuma na haƙa rami a bayan gida na binne. Hotonka ɗaya ne a gidan nan, na katin shaida, kuma bai yi kama da kai ba. Wurin da hannunka ya zauna a duniya shi ne wannan ƙotar, ni kuma na kashe ta da man da na ce ya fi naka.

Ranar Alhamis na je kasuwa wurin matan ƙauye. Na tsaya ina lasar man kaɗanya daga ƙwarya zuwa ƙwarya da kayan gareji a jikina, suna ta dariya, wata tsohuwa ta ce ta san mai irin wannan lumshe idon. Na ce ubana ne. Ta ƙara mini dunƙule ɗaya. A hanya na tsaya farmasi, kantin magani, don an ce mini akwai wani farin mai da ake sha don taurin ciki, ba wari ba ɗanɗano, masu dafa abinci a manyan otal da shi suke shafa wa wuƙa. Na saya na lasa, gaskiya ne, ya ci jarrabawar cokalinka. Da kana nan da na kawo maka mun yi gardama a kai, wannan karon da ladabi. Amma na ajiye shi a kan taga. Na narkar da na kaɗanya har ya daina tsartuwa, na tace, na zuba a kan sauran naka cikin gwangwani, na shafa siriri.

Ranar suna Baba Tanko ya zo da farar riga tun da sassafe. Layin ya cika, har waɗanda ba a gayyata ba, kowa yana son ya gani. Na miƙa masa doguwar da hannu biyu. Ya kai ta hanci a gaban kowa, ƙarfe da ƙota, ya miƙa wa Alhaji Sabo shi ma ya sansana, aka yi 'yar dariya, aka ce bismillah. Da aka kayar da ragon ya gyara riƙo, sai na ga babban yatsansa yana yawo a kan sabon icen, sama da ƙasa, yana neman kwarmin nan. Bai samu ba. Ya ɗan dakata, ya share ido da hannun riga, ya kira sunanka, sunan yaron ke nan, ya yanka. Ba wanda ya lura sai ni.

Hanta ta yi daɗi, an cinye tas. An riga an gaya masa Layyar bana tasa ce, gida bakwai, saura wata biyu. Sai dai hannunsa ya soma rawa, Baba, wata goman nan sun ci shi, ya ce ba zai iya fiɗar bakwai shi kaɗai ba. Na ce zan riƙe masa ƙafa, ya koya mini. Ina da shekara arba'in zan fara abin da ka so in fara ina da goma.

Ban sani ba ko ka yafe mini maganar cokali, da ta lekol, da duk Alhamis ɗin da na wuce ka a zaure ban zauna ba. Ba ni da hanyar ji. Baba Tanko ya ce kwarmi ba a sassaƙa shi, riƙo ne ke yin sa, in na dage wataƙila mai sunanka ya tarar da wani a wurin. Ba zai zama naka ba, na sani.

Yanzu da nake rubutun nan hannuna yana warin kaɗanya, har takardar ta yi tabo a gefe. Ɗazu na shiga gaida Inna, ta kama hannun ta riƙe a fuskarta ta daɗe. Wannan ne karo na farko da ta taɓa ni tun ranar Talatar nan. Ban wanke ba.

Allah ya jiƙanka, ya haɗa mu a inda ba a jin kunya. Sai na zo.

Ɗanka da bai lasa cokalin ba,
Habibu, daga zaurenka a Zongo